Kakana da yaƙin Bama

Shekaranjiya muna fitar da kaya daga ɗakin kakata Inna saboda rufin ya fara yoyo, sai na ci karo da wani tsohon gwangwanin madara a ƙasan adaka, an toshe bakinsa da tsumma. Ina zazzagewa sai ga allurai, maɓallai, tsohon kwabo mai huji, da wani ƙarfe mai siffar tauraro, tsini shida, da ɗan ƙyalle ja a tsakiya, shuɗi da ruwan lemo a gefe, duk ya koɗe. Lambar yaƙin ƙasar Bama ce, wato Myanmar ta yanzu, ta kakana, Allah Ya jiƙansa. Wallahi na fi shekara ashirin ban ganta ba, na ɗauka ma yara sun yar.

Mu dai Baba Kofur muka taso muna ce masa, kuma har ya rasu bai taɓa son sunan ba. In na tsokane shi na ƙame na sara masa sai ya ce kai tafi can ja'iri, ni manomi ne, aron ni aka yi.

Kuma aron nasa aka yi ɗin. A takarda Bature ya rubuta wai sa kai suka yi, amma yadda abin ke tafiya lokacin yaƙin Hitila, daga sama za a ce ana son mutum kaza, Sarki ya aika wa hakimi, hakimi ya aika wa dagaci, dagaci kuma ba ɗansa zai bayar ba ai. Wasu aka kai su haƙar kuza Jos, abin da ake ce wa diban gwamna, wasu kuma soja. Shi yana gona, gero ya yi kai saura kwanaki a yi girbi, aka zo aka ce mai gari na kira, fartanyarsa ma a kunya ya barta. Wannan geron har tsufansa bai daina maganarsa ba, wai bai taɓa yin gero mai kyansa ba kuma ko zangarniya ɗaya bai ci ba.

Zariya aka fara kai su, aka aske kai, aka ba su kaki, lefrai lefrai daga asuba har rana ta take. Ya ce abin da ya sauƙaƙa musu shi ne Hausa ce harshen bariki, hatta Turawan hafsoshi da gurguwar Hausarsu suke ba da oda, kurtu Bayarabe ko ɗan Tibi dole ya koya. Albashi sule guda a rana, bulala kuwa ba a cewa komai. Daga nan Ikko, aka loda su jirgin ruwa a 1943, mutumin da ruwan da ya fi sani shi ne kududdufin bayan gari, sai ga shi makonni ba ya ganin ƙasa, amai kawai suke yi har Bombay. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma yake, akwai 'yan Gwalkwas (Gana ta yanzu), Saliyo da Gambiya a ciki, daga baya ta 82 ta biyo su.

To nan ne labarinsa ya bambanta da na sauran mazan jiya da na sani. Abokinsa da suke zama a gindin darbejiya shi kullum harbi ne, igwa, gurneti, Japan sun faɗo ta nan mun ɓullo ta can. Kakana kuwa in ka ce ba ni labarin Bama sai ya fara da ƙasa. Wai ƙasar kwarin Kaladan baƙa ce wuluk, in ka damƙa tana manne wa hannu, ko taki ba ta so. Wai ruwan sama a can ba irin namu ba ne da za ka ga hadari ya haɗo daga gabas ka yi shiri, shi sauka kawai yake yi kwana da kwanaki har takalmi ya ruɓe a ƙafarka. Gora mai kaurin cinya. Shinkafa an shuka ta a cikin ruwa layi-layi kaman an ja da zare, kuma abin da ya fi ci masa rai, ranar da aka sa su ratsa gonar wani tsoho suka tattake ta kaf, tsohon yana tsaye yana kallo bai ce uffan ba. Ya ce shi ya san abin da ke cikin mutumin nan.

Babu hanyar mota a dajin sai wadda suka sara da adda da hannunsu, kaya a ka ake ɗauka, akwai ma rukuni guda na 'yan dako da aikinsu ke nan, harsashi da abinci duk a ka, kan duwatsu. Abinci jirgin sama ke jefo musu da laima, in iska ta kwashe ta kai wa Japan sai a kwana da yunwa. Ga matsattsaku, ya ce da wutar taba ake cire su, in ka fizge bakin ya zauna a ciki ya zama gyambo. Ga ƙwayar zazzaɓi da ake tsare su a layi sai sun haɗiye a gaban saje, har idonsu ya koma rawaya.

Sau ɗaya tak ya yi min maganar kisa. Ina aji shida, na dame shi wai mutum nawa ka kashe, ya yi shiru har na ji kunya, can ya ce da dare ne, a rami suke, ya ji motsi a ciyawa ya harba, da gari ya waye ya ga yaro ne bai fi sa'arsa ba, tafin hannunsa duk kanta. Ya ce kantar nan ba ta bindiga ba ce, ya santa. Daga nan ya tashi ya ɗau buta.

Suna cikin waɗanda suka kama garin Myohaung a Janairun 1945, amma gida sai 1946. Har an yi masa sadakar arba'in a gari saboda wani ya kawo labarin ƙarya, gonar kuma ƙanin babansa ya shige, sai da aka je gaban alkali. Aikin da aka yi musu alkawari bai gani ba, bai ma nema ba, ɗan kuɗin sallamar ya sayi jaki da akuya biyu ya auri Inna. Shi ya sa duk 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, in na ga manya a talabijin suna ajiye furanni suna sakin tattabaru, ni dai ba na iya kallo har ƙarshe.

Na kai wa Inna lambar na ce matata kin ga abin da na samo, ta juya ta a hannu ta ce au, wannan ce ai nake danne takardar awo da ita. Sannan ta tuna min abin da na manta, wai ya dawo da irin shinkafar Bama ƙulle a safa, ya shuka a fadama shekara biyu a jere, ta yi ganye shar har gwiwa amma ta ƙi yin ido.