Ka biya ɗan kwangila tas, amma gidanka na cikin bashi

A Amurka mutum zai iya biyan ɗan kwangilarsa kuɗin gini tas, a wayi gari kuma an ɗaura wa gidansa bashin da bai ci ba. Dokar jihohinsu ta ba wanda ya zuba guminsa ko kayansa a gini dama, in ba a biya shi ba, ya je ofishin rajistar filaye na gunduma ya rubuta bashin a kan gidan da aka yi wa aikin. Liyen suke ce masa. Da zarar ya shiga rajista to sayar da gidan ya zama aiki, banki ma da wuya ya karɓe shi jingina sai an warware, in abu ya yi tsami kuma kotu na iya sa a yi gwanjon gidan a biya mai bin bashi. Tsohuwar doka ce fa, jihar Merilan ce ta fara ta a 1791, lokacin ana son magina su saki jiki su gina birnin Washinton.

Inda gizo ke saƙar shi ne, kai da babban ɗan kwangila kaɗai kuka yi yarjejeniya, shi kuma ya ɗauko mai wayarin da mai famfo da mai rufi, ya karɓo siminti da katako bashi, to in ya amshi kuɗinka ya toshe wata ɓarakar da su, waɗannan mutanen da ko sunansu ba ka sani ba gidanka za su bi, kuma a jihohi da yawa rasit ɗinka ba zai cece ka ba, sai ka sake biya.

Shi ya sa aka kawo takardar sanarwa. A Kalifoniya ƙaramin ɗan kwangila ko mai kawo kaya zai aiko wa mai gida ita cikin kwana 20 da fara aiki, a Fulorida kwana 45. Mutane na ganinta hankalinsu ya tashi, su ɗauka an maka su kotu ne, alhali cewa kawai take ga ni ina aiki a gidanka. Ni a ganina babu takardar da ta fi ta amfani ga mai gida, don ita ce ke nuna maka su wa za ka tabbatar kuɗi ya isa hannunsu. Kafin ka saki kowane kaso, ka ce kowannensu ya sa hannu a takardar cewa an biya shi ya janye haƙƙinsa na liyen, ko ka rubuta cak da sunan mutum biyu, babban da ƙaramin, yadda ɗaya ba zai karɓa shi kaɗai ba.

Ɗan kwangila shi kuma lissafin kwana ne ke kayar da shi, ko da gaskiyarsa. A Kalifoniya kwana 90 gare shi bayan kammala aiki ya yi rajistar liyen, amma in mai gida ya riga ya shigar da sanarwar kammalawa sai wa'adin ya koma 60 ga babban, 30 ga ƙanana, kuma bayan rajistar dole ya shigar da ƙara cikin wasu kwana 90 in ba haka ba liyen ɗin ya mutu. Wanda ba shi da lasisin aikin ma kada ya wahalar da kansa. Sai a kula da takardar janyewar nan, akwai mai sharaɗin sai kuɗi ya shiga, akwai marar sharaɗi, wanda ya sa hannu a ta biyun kafin cak ya faɗa asusunsa ya yanke igiyar da yake riƙe da ita.

Ginin gwamnati kam ba a ɗaura masa liyen. A ayyukan tarayya, dokar Miller ta 1935 ta sa babban ɗan kwangila ya kawo kamfanin da zai tsaya masa, can ƙanana ke zuwa neman kuɗinsu.