Gudawar da Siteroid ke Ɓoyewa

Abin da aikin asibiti ke koya wa mutum da wuri shi ne: in mai shan siteroid, wato magungunan rage kumburi irin su prednisolone ko dexamethasone, ya fara gudawa bayan antibayotik, a ɗauke ta da muhimmanci ko da jikinsa ba zafi.

Hanjin mutum cike yake da ƙwayoyin bakteriya masu amfani, su ke hana wata muguwa, Clostridioides difficile, sakewa. Antibayotik irin su clindamycin, ciprofloxacin, ceftriaxone da Augmentin kan share masu amfanin, sai ita ta samu fili, ta zuba dafinta a babban hanji. Siteroid kuma ya riga ya raunana garkuwar jiki, sannan yana danne zazzaɓi da ciwon ciki. Mara lafiya na zaune yana hira, hanjinsa na kumbura. Omeprazole da ake haɗa masa don kare ciki ma an danganta shi da ƙarin haɗarin.

A nan Kaduna haɗuwar siteroid da antibayotik ba wuya. Mace tana shan dexamethasone daga kemis don ta yi ƙiba, aka ce taifot ne, aka ba ta cipro. Sau da yawa ba za ta ambaci na ƙibar ba, don ba ta ɗauke shi magani ba. Sai an tambaya kai tsaye: "Hajiya, akwai ƙwayar da kike sha kullum?"

Bahaya mai ruwa sau 3 ko fiye cikin awa 24 ya isa a yi zargin wannan cuta, ko da an gama antibayotik makonni da suka wuce. Kada a ba da Imodium, maganin tsayar da gudawa, yana tsare dafin a ciki. A fara ruwan gishiri da sukari, likita ya duba ko za a dakatar da antibayotik ɗin. Maganin cutar vancomycin ne ta baki, miligiram 125 sau 4 a rana, kwana 10. Ta jijiya ba ya isa cikin hanji. Inda babu, Flagyl na aiki in cutar mai sauƙi ce.

Kuskuren da ya fi tayar min da hankali shi ne yanke siteroid lokaci guda. Wanda ya wuce mako 3 yana sha, jikinsa ya rage yin nasa siteroid ɗin na halitta, kuma ga gudawa, hawan jininsa na iya faɗuwa warwas. Likita ne zai tsara yadda za a yi da shi.

Masu jinya su wanke hannu da sabulu da ruwa, sanitaiza ba ta kashe ƙwan wannan cuta. Fo da masai a wanke su da Hypo.