Yadda muka ɗumama ɗakin kwanan ɗalibai da wutar girki

Sanyin Maraɗi gajere ne, amma a Disamba da Janairu, idan hunturu ya kankama, ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 15 da asuba, kuma ɗakin da aka rufe da kwano ba ya riƙe ɗumi ko kaɗan. A makarantar kwana da nake cikin kwamitin kula da ita, kudu da birni ta wajen Madarunfa, yara sun saba hura wutar kara a tsakar gida, wasu kuma sukan shiga ɗaki da garwashi a kasko su rufe ƙofa. Wannan na biyun ne ya fi tayar mana da hankali, domin garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kashe mai barci bai farka ba.

A ƙasashe irin su Ostiriya da Suwidin akan ƙona ɓarzajjen itace a babbar tukunyar ƙarfe, ruwan zafi ya bi bututu ya zagaya azuzuwa. Su sanyinsu yakan ci rabin shekara, mu namu bai cika wuce wata biyu ba, saboda haka babu hikima a hura wuta ta musamman domin ɗumi kawai. Abin da muke da shi a kullum shi ne wutar madafa, wadda ake dafa tuwon dare da kunun safe a kanta, yawancin zafinta kuma yana tashi sama a banza, tun da murhun duwatsu uku ba ya kai wa tukunya fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na ƙarfin itacen.

Sai muka sa magini ya gina rufaffen murhu na tubalin ƙasa a jikin bangon da ya raba madafa da ɗakin kwana, tukunya tana nutsewa a cikinsa har wuya. Hayaƙin da ya fito ba ya tashi nan take: yana bin wata hanya da aka gina a cikin dogon dakali ta ɓangaren ɗakin kwana, ya ratsa ƙarƙashin ganga mai ruwan alwala, sannan ya fita ta bututun da ya zarce rufi. Ƙasa tana jinkirin ɗaukar zafi, tana kuma jinkirin sakinsa, shi ya sa wutar da aka kashe bayan isha'i take barin dakalin da ɗumi har kusan asuba, ba tare da harshen wuta ko garwashi ya shiga inda yara suke ba.

Abin da ya fi ginin murhun muhimmanci, a ganina, shi ne bushewar itace. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma wuta sai ta fara ƙone wannan ruwan kafin ta ba da zafi, ga hayaƙi mai kauri da ke barin kunkunniya tana toshe hanyar dakali. Itacen da aka faskara aka jera a rumfa, a bisa duwatsu don gudun gara, inda iska ke ratsa shi, ruwansa yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Don haka muke sayen na hunturu tun bazara, lokacin da hanya take da kyau ga amalanke, farashi kuma bai tashi ba. Karan gero mun ƙi shi da gangan, domin ya fi amfani a bakin dabba ko a kwance a gona yana tare iska.

Sai batun inda itacen yake fitowa. Shekara da shekaru dajin Baban Rafi ne ke ɗauke da murhunan Maraɗi, ba mu kuma so makaranta ta ƙara masa nauyi. A wannan jiha ne, tun 1983, Tony Rinaudo, wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya, da manoma suka fara sassaben zamani, wato barin kututturen sabara da kalgo su toho, a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a raine su, a sare sauran. Muka daidaita da iyayen yara masu irin waɗannan gonaki su riƙa sayar mana da rassan da suke ragewa, waɗanda kaurinsu ya yi daidai da bakin murhunmu.

Masu girki sun yi ta ƙorafi da farko cewa ƙaramin bakin murhu ba ya cin manyan gungume, kuma gaskiyarsu ne, sai da muka ɗauki mai faskare. Su ne kuma suka lura cewa da zarar Maris ya shigo dakalin zai mai da ɗakin tanda, don haka aka sa marfin ƙarfe da ke karkatar da hayaƙin kai tsaye zuwa bututu. Ana buɗe hanyar dakali ne a ƙarshen Nuwamba, bayan an share kunkunniya an kuma shafe duk wata tsaga da sabon yumɓu.