Gida Ɗaya, Ɗaki Biyu: Aikin Raba Faifan Kwamfuta a Shagona

Shagona na gyaran kwamfuta ne a Kano, ni da yara uku masu koyon aiki. Yawancin abin da muke yi canjin allo ne da batir da wankin na'ura, amma da an koma karatu sai ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Bayero da sauran makarantu su fara shigowa da buƙata iri ɗaya: "Oga, Linux nake so a ɗora min, amma kar a taɓa min Windows." Aikin ba ya kawo kuɗi sosai, sai dai babu wanda nake tsayawa a kansa da kaina kamarsa, domin abin da ke cikin faifan nan amana ce.

Abin da suke nufi shi ne a raba faifan kwamfuta, Windows da Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta irinsa, su zauna tare. Yadda nake fahimtar da yarana shi ne su ɗauki faifan ajiya kamar gida. Windows ya riga ya tare, ya baza kayansa ko'ina. Za ka yanka wa baƙo ɗaki, ka bar zaure ɗaya da duk mai shigowa zai bi. Zauren nan shi ne ɗan ƙaramin fatishan (wato yankin faifai) na EFI, wanda sau da yawa bai wuce megabayit 100 ba, kuma mai kwamfuta bai ma san da zamansa ba. A nan Windows yake ajiye abin da ke tayar da shi, a nan kuma GRUB, wato mai tarbar da Linux ke zuwa da shi, zai zauna ya tambaye ka ɗakin da za ka shiga. Wanda ya goge zauren nan da sunan share gida, ɗakunan suna nan da kayansu amma babu ƙofar shiga.

Saboda haka kafin na sa filashin da ke ɗauke da Linux, sai na duba irin tsarin faifan. Kwamfutocin hannu da ake kawo mana daga Turai kala-kala ne. Tsofaffin suna kan tsarin rabon faifai na MBR, wanda manyan fatishan huɗu kaɗai yake ɗauka, kuma ba ya wuce terabayit 2. Akwai laftof na zamanin Windows 7 da za ka buɗe ka tarar tun daga kamfani an cinye huɗun nan, ba wurin ƙara na biyar sai ka sadaukar da ɗaya ka mayar da shi mai 'ya'ya a ciki. Sababbin kuwa tsarin GPT ne tare da UEFI, sabuwar hanyar tayar da na'ura, inda Windows ke yarda da fatishan har 128. Ƙa'idar da ba na sassautawa ita ce, ta hanyar da aka ɗora Windows ta nan za a ɗora Linux. In ɗaya na UEFI ne ɗaya na tsohuwar hanya, GRUB ba zai iya tayar da maƙwabcinsa ba, sai mutum ya riƙa shiga saitin na'ura kullum.

Abin da ya koya min tsoron wannan aiki ya faru ne shekarun baya. Wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe ta kawo laftof, batirinsa ya mutu murus, sai a jikin caja yake aiki. Na tambaye ta ko ta kwafi kayanta, ta ce eh, na yarda ban duba ba. Na buɗe GParted, manhajar raba faifai, na fara matsar da fatishan mai cike da kaya, aikin da kan ɗauki fiye da awa. Ana tsakiya aka ɗauke wuta. Kafin yaro ya ja janareta allo ya yi baƙi. Ashe abin da ta kwafa hotuna ne kawai, furojet ɗinta babi huɗu yana ciki. Kwana biyu na yi a kan PhotoRec, manhajar ceto fayilolin da suka ɓace, ya zaƙulo dubban fayiloli ba suna, sai lambobi. Muka zauna da ita muna buɗe su ɗaya bayan ɗaya, hannunta na rawa a kan linzami, har muka samu babi uku. Na huɗun sai da ta sake rubutawa. Ban karɓi ko sisinta ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Tun daga ranar, duk na'urar da za a raba sai an kwafe ta a faifan waje a gabana, kuma sai an jona ta da inbata.

Yanzu ma na daina rage Windows daga waje. Daga cikinsa nake buɗe Disk Management na matse C, wato fatishan ɗinsa, domin shi ya san inda ya ajiye kayansa. Kafin nan zan kashe Fast Startup, don in yana kunne Windows ba ya mutuwa gaba ɗaya, gyangyaɗi yake yi, ya kulle fatishan ɗinsa yadda Linux ba zai iya rubutu a ciki ba. In akwai BitLocker, makullin sirrin faifai na Windows, sai mai na'ura ya rubuta lambobi 48 na buɗe shi a takarda ya sa a aljihu. Wasu laftof ɗin kuma manhajar ɗora Ubuntu, ɗaya daga nau'o'in Linux, ba za ta ga faifan ba sam, sai an shiga saitin na'ura an sauya shi daga Intel RST zuwa AHCI, kuma wannan sauyin in ba a shirya wa Windows shi ba, shuɗin allo zai tarbe ka da shi.

Rabon kansa ba shi da wuya. Ubuntu na neman giga 25, amma a faifai mai 256 ba na ba shi ƙasa da 60, a tsarin ajiyar fayil na Linux, wato ext4, don ɗalibi zai tara manhajoji. Fatishan na swap, wurin da Linux ke ara in RAM ta cika, na daina yi, fayil ya wadatar tun Ubuntu 17.04. In faifan babba ne nakan ware wani yanki na NTFS, tsarin ajiyar fayil na Windows, a tsakiya, kamar tsakar gida, kowane ɓangare ya ajiye ya ɗauka. Wurin da nake riƙe hannun yaro shi ne allon da ke tambaya ko a goge faifan duka. Sai ya karanta min abin da ya zaɓa da baki kafin ya danna.

Tun da Microsoft ta tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, masu zuwa suka ƙaru, har da waɗanda ba ɗalibai ba. Na'urorinsu ba su da TPM 2.0, ɗan guntun tsaron da Windows 11 ke nema, kuɗin sabuwa kuma babu. Irin waɗannan Linux Mint nake sa musu a gefe, su saba a hankali.

Saura agogo. Linux yana saita agogon na'ura a kan lokacin UTC na duniya, Windows kuwa yana ɗaukarsa lokacin gari ne, mu kuma muna gaba da awa ɗaya. Sai mutum ya dawo Windows ya ga ƙarfe 1 alhali 2 ta yi, wani har ya kusa makara sallar azahar a kan haka. Umarni ɗaya na timedatectl a cikin Linux ke gyara shi. Daga nan sai na sa GRUB ya jira daƙiƙa 10, na miƙa wa mai kwamfuta, ya kashe ya kunna da hannunsa, ya shiga wannan ya fita ya shiga wancan, ya buɗe fayilolinsa ya gani, sannan na rubuta masa rasit.