Ginshiƙin gada: mun zaɓa masa inda zai lanƙwasa

Duk wanda ya san mayo, wato rafin da ke ƙafewa, a yankin Marwa ta arewacin Kamaru ya san halinsa: da rani yashi ne zalla, yara na buga ƙwallo a ciki, da damina kuwa ruwa ya taho daga tsaunukan Mandara ba sallama. Shi ya sa da aka ba mu aikin wata ƙaramar gada muka zuba ginshiƙan a fili tun ana ruwa, suka yi ƙwari, rani na kamawa muka ɗauko su muka kafa.

Gardamar farko a kan girgizar ƙasa aka yi ta. Arewacin Kamaru ba Japan ba ne, ƙasarmu ba ta cika motsi ba, kuma ni kaina na fi tsoron ruwa ya ƙwaƙule gindin gada. Amma ƙasar da Dutsen Kamaru ya yi aman wuta a cikinta a 1999 da 2000, ga tsohuwar tsagar ƙasa da ta ratsa Adamawa, ba za a ce lissafin ya zama banza ba. Muka bi Eurocode 8, ƙa'idar Turai ta gini mai jure girgizar ƙasa, sashe na 2 wanda ya shafi gadoji. Ƙarin kuɗin bai kai yadda ake tsoro ba, yawancinsa rodi ne.

Abin da na fahimta a aikin shi ne, babu mai gina ginshiƙin da ba zai ji ciwo ba. Injiniya zaɓa masa yake yi inda zai ji ciwon. Idan ƙasa ta motsa, nauyin da ke sama yana jan ginshiƙin gefe da gefe, wahalar ta taru a gindinsa. Ana so wurin ya tsattsage, rodi ya miƙe ya lanƙwasa, amma ya ci gaba da riƙe gadar, harsashi da mahaɗarsa da ginshiƙin kuma su fi shi ƙarfi don kada su riga shi karyewa. A girgizar ƙasar Kobe ta Japan, ranar 17 ga Janairun 1995, sama da rabin kilomita na babbar hanyar Hanshin da ke kan ginshiƙai ya kife gefe guda, kuma ƙarancin zobban da ke ɗaure rodi na cikin dalilan. Amurka ta ɗauki irin wannan darasi tun girgizar San Fernando ta 1971.

Dattijon da ke shugabantar masu ɗaurin rodi bai ji daɗin zanen ba.

"Injiniya, zobe kowane santimita 10? Ta ina tsakuwa za ta bi?"

"Baba, a gindi ne kawai da kai. A tsakiya ku sake shi zuwa 20."

Tambayarsa na kan hanya, don haka muka nemo ƙaramar tsakuwa. Sai kuma bakin zoben: sun saba lanƙwasa shi digiri 90, muka ce 135, ya shige cikin kankaren ya kama. Idan ɓawon kankaren na waje ya ɓare, mai 90 buɗewa yake yi, dogayen rodin su bankare waje.

Inda ginshiƙin da aka zuba a wani wuri ya bambanta da na zuba-nan-take shi ne mahaɗa. Rodinsa bai zarce cikin harsashi ba, haɗa su ake yi. A gindin kowane ginshiƙi mun binne bututun ƙarfe, rodin da ya fito daga harsashi ya shige ciki kamar wuƙa a kube, sannan a ɗura kunun siminti na musamman wanda ba ya tsukewa in ya bushe. Kowane bututu yana da ƙofa biyu. Ta ƙasa ake turawa da famfo, a jira har kunun ya ɓullo ta sama ba kumfa, sannan a toshe. Idan iska ta maƙale a ciki, daga waje ba mai gani, kuma rodin a sake yake. A zafin Afrilu da ke haura digiri 40 kunun yana kauri tun yana cikin bokiti, saboda haka bayan sallar asuba muke ɗurawa, da ruwan da ya kwana a inuwa, ni kuma ina tsaye a kan kowace ƙofa da fitila.

Bututun yana sandarar da gindin, lanƙwasar sai ta matsa sama da shi, dole zobba masu matsi su wuce nan. Rodin harsashi kuma da farantin ƙarfe mai huji muka tsare su kafin zuba kankare, don kaucewar ɗan yatsa ta isa ta hana ginshiƙi zama alhali motar ɗaga kaya na cin kuɗi.

A gada ta gaba zan fi son a bar rami a harsashi, a zura gindin ginshiƙin da aka yi wa kaushi, a cika gefen da kankare. Yana cin harsashi mai kauri, amma kowane birkila zai iya leƙawa ya ga ko ya cika.