Latas a bokitin fenti: noma ba ƙasa, ba wutar lantarki

Cikin hanyoyin noman ruwa, wato shuka a cikin ruwan taki ba tare da ƙasa ba, wadda ta fi dacewa da inda wuta ba ta da tabbas ita ce ta Kratky, wani malamin aikin gona a Jami'ar Hawaii ta Amurka. Ba famfo, ba injin hura iska. Bokitin fenti mai lita 20 da murfinsa ya isa latas uku, domin kowane gindi yana shan lita 4 zuwa 6 kafin a cire shi.

A wanke bokitin tas, a huda murfin wuri uku kusa da baki, a zura ƙananan kofunan roba da aka tsattsaga wa gindi. Irin kuwa a ɗan guntun soso mai laima ake tsirar da shi, a inuwa mai sanyi, don ƙwayar latas takan ƙi tsira idan zafi ya kai digiri 30. Ganye uku ko huɗu sun fito, sai a mayar da soson cikin kofi.

Haɗa ruwan ne wurin da aka fi yin ɓarna. Buhun NPK 15-15-15 na gona ba ya wannan aiki: ba ya narkewa duka, kuma babu kalsiyam da ƙarfe da sauran ƙananan sinadaran da ƙasa ta saba bayarwa kyauta. Yuriya ma haka, sai ƙwayoyin halittar cikin ƙasa sun sarrafa ta kafin shuka ta amfana sosai. Haɗin da masu wannan noma suka fi sani kashi uku ne. A lita 20, giram 10 na Masterblend 4-18-38 (wani taki mai narkewa a ruwa), giram 5 na gishirin Epsom, sai giram 10 na kalsiyam naitiret. A auna da ƙaramin sikeli, cokali yana yaudara. Kuma a bi su ɗaya bayan ɗaya cikin cikakken bokitin ruwa, kowanne ya narke kafin a zuba na gaba, kalsiyam a ƙarshe. Wanda ya tara su ukun a kofi guda da ɗan ruwa zai ga farin gari ya kwanta a ƙasa kamar alli. Kalsiyam ne ya kama salfet da fosfet, sinadaran da ke cikin sauran biyun, kuma abin da ya kwanta ɗin nan saiwa ba za ta iya sha ba, kuɗi ya tafi ke nan.

Daga nan sai pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, a tsayar da shi tsakanin 5.5 da 6.5. Ruwan rijiyar burtsatse a wasu wurare yakan haura 7, to a nan ƙarfe yake ƙin shiga shuka, sai ka ga sabon ganye na tsakiya ya yi ɗorawa alhali jijiyoyinsa kore ne shar. Ƙara taki ba ya maganin wannan. Asid ɗin fosforik ake ɗigawa kaɗan-kaɗan ana gwadawa. Lemon tsami yana saukar da pH ɗin, amma kwana biyu ya koma inda yake. Ruwan sama, in an samu, ya fi sauƙin sarrafawa.

Ranar dashe, ruwan ya taɓa gindin kofi da kamar santimita 1. Shuka na sha, ruwa na sauka, sai a samu fili tsakanin murfi da ruwa. In ka ɗaga murfin bayan mako biyu za ka ga saiwa iri biyu: na sama masu laushin gashi fari suna rataye a iska, na ƙasa dogaye suna cikin ruwa. Na saman su ne hancin shukar. Mai tausayi da ya ga ruwa ya ragu ya cika bokitin har baki, ya nutsar da su, washegari latas ya langaɓe cikin ruwa tsundum. In dole sai an ƙara, kada a wuce rabin tsawon saiwar, kuma ruwa zalla ya fi, tunda zafi yana sa shuka ta sha ruwa ta bar takin yana ƙara kauri.

Zafi dai shi ne babban abokin gaba. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa, da ya doshi digiri 30 saiwa ta fara komawa launin ruwan ƙasa, ta yi yauƙi da wari. Shi ya sa hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya fi dacewa. A bazara latas yakan ƙone a bakin ganyen ciki, ya miƙe kara zai yi fure, ya yi ɗaci. Gara a koma alayyahu. Farin bokiti haske na ratsa shi gansakuka ta cika ruwan, baƙi kuma yana dafa saiwa, don haka a naɗe shi da baƙar leda sannan a rufa farin buhu a kai. A ajiye inda ranar safe ke bugawa, ta azahar ba ta kaiwa. Duk wata kafa a murfi a toshe ta da soso, in ba haka ba an buɗe wa sauro gidan haihuwa a tsakar gida.

Kwana 30 zuwa 35 bayan dashe ake cirewa. Ragowar ruwan a tsarma shi a ba shukokin ƙasa, a wanke bokitin da ɗan bilic a ɗauraye sosai kafin sabon zubi.