Kafin ka sauya manhajar imel a kwamfutarka

A ofisoshin 'yan uwanmu da ke fiton kaya daga Apapa zuwa Arewa, da shagunan dillalai a Agege da Mile 12, har yanzu akwai kwamfutocin da ke ɗauke da wasiƙun shekara da shekaru: takardun farashi, rasitai, da alƙawuran da aka ƙulla da masu kaya. Tun da kamfanin Microsoft ya daina kula da manhajar Mail ta Windows a ƙarshen shekarar 2024, ya tura jama'a zuwa sabon Outlook, ana yawan tambayata wace manhaja ce ta fi. Ma'aunina guda ɗaya ne: ranar da ka so barinta, za ta sakar maka wasiƙunka cikin sauƙi?

A wannan ma'auni Thunderbird ya fi kwanta mini a rai. Kyauta ne, Mozilla ce ta fito da shi a 2004, kuma yana adana saƙonni a tsarin mbox wanda manhajoji da dama ke iya karantawa, shi ne ma tsarin da Google ke ba ka idan ka nemi kwafin akwatinka ta Takeout, wato shafinsa na sauke bayananka. Tsohon Outlook na Office yana da ƙarfi, musamman ga ofishin da ya dogara da kalanda, sai dai yakan tara wasiƙu cikin wani fayil nasa mai suna PST, wanda Thunderbird ba ya buɗewa kai tsaye. Sabon kuwa ya fi jingina da intanet, na kyautarsa kuma yana nuna tallace-tallace, don haka duk wanda ya san yadda kuɗin data ke tafiya a Legas sai ya yi nazari.

Wajen ƙaura, abu na farko shi ne sanin yadda aka saita akwatinka: da IMAP ko da POP, wato hanyoyi biyu da manhaja ke karɓo wasiƙu. Idan da IMAP aka saita shi, wasiƙun suna can a sabar kamfanin imel ɗin, sabuwar manhaja za ta sauko da su da kanta. Idan kuwa da POP ne, kamar yadda aka saba yi a da, to mai yiwuwa babu wani kwafi a duniya sai wanda ke cikin kwamfutar nan. A irin wannan hali, ka fara ajiye kwafin fayil ɗin PST a wani faifai na daban, sannan ka ƙara akwati mai IMAP a cikin tsohuwar manhajar, ka riƙa kwafe folda ɗaya bayan ɗaya zuwa cikinsa. Kwafewa na ce, kada ka ɗauke su gaba ɗaya, domin idan aka ɗauke wuta ko sabis ya yanke ana tsakiyar aiki, asalin yana nan daram. Idan akwatin na Gmail ne, ka tuna cewa gigabait 15 da yake bayarwa kyauta, da Drive da Photos ake raba shi.

Adireshi da lambobin waya sun fi yawan ba da matsala, ko da yake ba su da nauyi. Idan manhajar ta ba ka zaɓin irin fayil ɗin da za ka fitar da su, tsakanin vCard da CSV, ɗauki vCard. Shi CSV, da zarar an buɗe shi da Excel an sake adanawa, sifirin da ke farkon lambobinmu irin su 0803 yakan ɓace, haruffanmu masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, su ma sukan rikiɗe su koma alamomi marasa ma'ana matuƙar ba a adana fayil ɗin da tsarin UTF-8 ba, sai ka nemi Ɗanlami ko Ɗahiru ka rasa.

Tsohuwar kwamfutar kuwa, kada a kai ta Computer Village a Ikeja don sayarwa ko gogewa sai an kwatanta yawan saƙonnin kowace folda a ɓangarorin biyu, an kuma buɗe wasu tsofaffin wasiƙu an tabbatar takardun da aka maƙala musu sun biyo su.